Na Ɗauka Ƙiriniya Ce: Labarina da Ɗan Farina

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari a Jihar Jigawa. Labarin ɗana ne da larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda na daɗe ina ɗauka ƙiriniya ce. Ba zan kama sunan kowa ba. Shi kansa yaron da zan ba da labarinsa ko a gida ba na kiran sunansa, domin ɗan farina ne, kuma a wajenmu har gobe ana wannan kunyar. "Wancan" nake ce masa, ko "yayansu".

An yi mini aure a 2010 bayan na gama sakandare. Na tarar da uwargida da 'ya'yanta uku, ina kiranta Yaya. Allah Ya sa muka samu ciki kusan tare. Ita ta sauka lafiya da daminar 2011, nawa kuwa bai jira watanninsa sun cika ba, ya zo bakwaini, ɗan firit kamar ɗan tsako. Surukata, Iya, ita ta riƙa naɗe shi cikin zannuwa tana kwana da shi a ƙirjinta. Ba wanda ya sa rai zai ga arba'in. Ya gani.

To, ga yara biyu maza, uba ɗaya, tsakar gida ɗaya, tukunya ɗaya, tsakaninsu 'yan makonni. Har suka shekara huɗu ba mai iya cewa ga wanda ya fi wani ƙiriniya. Hawa katanga, bin awaki, jifan ƙadangaru, faɗawa kududdufi da sabuwar riga, duk tare suke yi. In na yi ƙorafi sai Iya ta ce, "Ke dai ba ki san yara ba. Yaron da ba ya ƙiriniya ai shi ne abin tsoro." Kuma gaskiyarta. Ɗan shekara uku da ya wuni a rakuɓe shiru, a taɓa jikinsa, ko zazzaɓi ne ko yunwa.

Da suka shiga shekara ta shida sai hanya ta fara rabuwa, ni ce dai ban gane ba. Ɗan Yaya bai daina ƙiriniya ba, amma tasa ta san lokaci kuma ta san wuri. Da ya ji gyaran muryar babansu a zaure zai shiga taitayinsa. In aka zuba tuwo zai zauna ya cinye, ya suɗe hannu, sannan ya ruga. Nawa kuwa loma biyu zai yi ya miƙe, ya zagaya rumbu, ya dawo ya yi ɗaya a tsaye, ya ga kaza ya bi ta. Gaban babansa, gaban baƙo, cikin masallaci, gidan makoki, duk ɗaya ne a wajensa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wajen tatsuniya. Bayan sallar isha'i Iya takan tara jikokinta a kan tabarma. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa, "Ta zo mu ji ta." Ɗan Yaya, wanda ya wuni yana tsalle kamar ɗan akuya, sai ka ga ya tallafe haɓa, baki buɗe, har a kai ƙarshe. Nawa shi ne mai fara roƙon a yi tatsuniyar, shi ne mai shimfiɗa tabarmar. Amma kafin Gizo ya isa gidan sarki ya mirgina sau uku, ya ja wa ƙanwarsa kitso, ya tambayi Iya me ya sa wata yake bin mutum, sannan ya daka tsawa, "Ƙurunƙus!" Yara su yi ca a kansa. Iya ta yi dariya ta ce, "Maigidana, ai ko tsakiya ba mu kai ba." Ita kaɗai ke dariyar.

A makarantar allo ya sha dorina har bayansa ya saba. Abin mamaki, yana haddace karatun wasu da ka yana cikin zagaye, amma nasa allon sai ya yi sati ba a wanke ba. Da aka sa su firamare a 2017, zangon farko kaɗai ya zubar da silifas ƙafa uku. Fensir kuwa na daina lissafi. Malaminsu ya aiko cewa yaron yana da kai, amma ba ya bari a gama tambaya zai amsa, ba ya gama rubutu, ba ya barin na kusa da shi su yi karatu. In na aike shi sayen daddawa da naira hamsin, sai in gama tuƙa tuwo bai dawo ba. A je a same shi wajen mai injin niƙa ya tsuguna yana kallon yadda bel ke juyawa, ba daddawa, ba kuɗi, bai ma tuna an aike shi ba.

Wannan zaman nasa wajen inji shi ya daɗe yana rufe mini ido. Ina cewa, wanda zai iya awa biyu gaban inji bai motsa ba, ai in ya ga dama zai zauna gaban allo. Ke nan iskanci ne da raini.

Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. A gidan biki, a gidan suna, ina jin ana cewa amarya ta sangarta ɗanta. A ɓangaren danginmu kuma wata magana ce daban: ya za a yi yara biyu su taso tare, na uwargida lafiya lau, na amarya kamar mai iska? Ai da hannu a ciki. Allah Ya yafe mini, na ɗauki wannan maganar. Na kusa shekara ina gaba da Yaya, matar da ta yi mini wankan jego. An yi masa rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an yi tofi. Addu'a ba na raina ta, har yau ina yi masa safe da yamma. Amma akwai wani da ya karɓe mini ɗan akuya ya ce aljanin kan juji ne ya shafe shi, wannan kam na bar shi da Allah.

Ga kuma alkunya. Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane. In aka kawo ƙararsa ba ni da bakin cewa a yi haƙuri, hanyar da ta rage mini in nuna ban ɗaure masa gindi ba ita ce in riga kowa ɗaukar tsumagiya. Zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi: na fi babansa dukansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka nake faɗa wa kaina. Ina duka yana rantsuwa ba zai ƙara ba, kuma na ga a idonsa da gaske yake, kafin hawayen su bushe ya ƙara.

Da kakar 2019 aka yi wadda ta fi kowacce. Maigidan manomin riɗi ne da zoɓo. Wanda bai san riɗi ba, in an yanke shi ana ɗaure shi dami-dami a jingina a tsaye cikin gona har ya bushe. In ya bushe bakin kwanson buɗewa yake, ko girgiza shi aka yi 'ya'yan zuba suke, shi ya sa sai an shimfiɗa tamfol kafin a kifa a kaɗe. Ana jibi za a kaɗe, babansu ya tura su biyun su yi gadin dabbobi. Kurege ya fito ya shige ƙarƙashin dammunan. Ɗan Yaya ya jefe shi da hoge ya ƙyale. Nawa ya bi shi ciki, ya ture wannan, ya haye wancan, kafin ɗan'uwansa ya riƙe shi jeri guda ya kwanta. Riɗi ya bi rairayi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin tsince riɗi daga rairayi ya san ba ya tsintuwa. Kuma da shi za a biya bashin taki.

Ranar babansa ya ɗaure shi a turke. Ni ma na zo na ƙara da muciya. Ba wanda ya hana, sai Iya da ke ta salati daga ƙofar ɗakinta.

Da dare, da gida ya yi tsit, na ɗebo man kaɗanya ina shafa masa a baya cikin duhu, don kada a ga ina tausayinsa. Ban ce komai ba. Can sai ya ce, "Inna, ni ma ban so ba." Na yi shiru. Ya ce, "Kaina ne kamar kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kowa yana kirana." Sau ɗaya babansa ya taɓa zuwa da shi kasuwar. Na ce ya rufe mini baki ya yi barci. Ni ce ban runtsa ba.

Maigidan ya yanke shawara zai kai shi wajen wani malami da aka ce yana gyara kangararrun yara. Yaro ɗan shekara takwas! Allah cikin ikonsa, a daidai makonnin nan rediyo ba ta da labarin da ya wuce na gidajen mari. A ƙarshen Satumba 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. A Oktoba aka sake buɗe wani a Daura. Iya ta saurara, ta kira ɗanta ta ce, "Maigidana ba inda za shi ina raye. In riɗinka ne, sayar da tunkiyata." Maganar ta mutu a nan. Amma matsalar tana nan daram.

A Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona. Ƙanwata da ke karatun aikin lafiya a Jahun ta zo ta yi watanni a wajena. Ita ba ta da alkunyar da ta ɗaure ni, ɗanta ne, tana jansa a jiki. Ta yi kwanaki tana kallon yaran nan biyu ba ta ce uffan ba. Rannan tana tsintar wake sai ta kira su ta ajiye naira ɗari-ɗari guda biyu a kan faifai. Ta ce duk wanda ya zauna a tabarmar nan har ta gama tsintar kwano ɗaya, ɗari tasa ce.

Ina daga bakin murhu ina kallo. Ɗan Yaya ya zauna yana wasa da yatsun ƙafarsa, yana hamma, yana tambayar ko an kusa. Ya gaji, amma ya zauna. Nawa ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su. Ya cije leɓe. Ƙafarsa tana rawa. Wallahi na ga gumi a goshinsa, kamar mai ɗaukar buhu. Yana son ɗarin nan fiye da ɗan'uwansa, don ya daɗe yana maganar wata 'yar tocila a shago. Sai wani babur ya wuce ta bayan katanga da wata irin ƙara, kafin ka ce kwabo yana zaure. Ya kai bakin ƙofa sannan ya tuna. Ya juyo ya kalli faifan, ya kalli tabarmar, ya fashe da kukan da ko ranar turke bai yi irinsa ba.

Ƙanwata ta ba su kuɗin su duka. Da suka fita ta ce, "Yaya, ɗan uwargida yana iya tsayawa in ya so. Naki yana so, ba ya iyawa. Wannan ba gwajin asibiti ba ne, ni ma ba likita ba ce, amma akwai wata larura da aka koya mana, ya kamata a duba shi." Ta tambaye ni rabon da in ga yara sun zo ƙofar gida suna kiransa wasa. Na yi tunani na rasa. Ɗan Yaya ake kira. Nawa in ya shiga langa ba ya jiran layinsa, in aka ci shi ya rikita wasan, har suka koma ce masa, "Ba ma yi da kai." Ina gani kullum, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Shawo kan maigidan ya ɗauki kusan shekara. Da ya ji an ce likitan ƙwaƙwalwa sai ya ce, "Dawanau za ku kai mini ɗa, ko Kazaure?" Shi da ke kai riɗi kasuwar Dawanau, ya san abin da mutane ke nufi in an ce an kai wane can, wato asibitin masu taɓin hankali. Ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne. Yaya ce ta sa baki. Ita da na yi wa zargi, ita ta ce, "Malam, shekara nawa ana duka, me ya canza? A gwada wannan ɗin." A 2021 na kwashi adashina, muka bi ta Gujungu muka sauka tashar 'Yankaba, ni da shi da ƙanwata, da takardar turawa daga asibitinmu zuwa wani babban asibiti a Kano. Mun yi sammako mun wuni a layi. A nan na ji cewa a duk faɗin Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, masu duba yara a cikinsu kuwa 'yan ƙalilan ne.

Muna shiga ofis ya haye kujera mai juyawa, ya jawo aljihun tebur, ya ɗauki abin awon jini. Na ɗaga hannu. Likitar ta ce, "Maman yaro, ƙyale shi. Ina so in gan shi yadda yake." Na ɗauka za a ɗauki hoton kansa a ga ciwon. Ta ce ba hoto ko gwajin jini da ke nuna wannan larurar, da tarihi ake gane ta. Ta fi awa tana tambayata. Cikinsa wata nawa? Ya taɓa zazzaɓin da ya sa shi suma ko jijjiga? Yana barci sosai, yana minshari? Yakan ƙame ya zuba ido na ɗan lokaci kamar ba ya nan? An yi rasuwa ko tashin hankali a gida kafin abin ya fara? Ta sa aka duba kunnensa da idonsa, aka auna jininsa. Ta ce yaron da ba ya ji sosai, ko ba ya ganin allo, ko jininsa ya yi ƙasa, ko ba ya samun barci, ko mai wata irin ƙaramar farfaɗiya da ba ta kayarwa, ko wanda ke cikin tsoro, duk suna iya kama da mai wannan larurar alhali ba ita ba ce. Ta ba mu takarda mai tambayoyi mu kai wa malaminsa na boko ya cike, ta ce a tambayi na allo ma.

Sai a zuwa na biyu ta faɗi sunan abin: larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke taƙaitawa da ADHD. Ta ce ƙa'idar da suke bi, wadda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sabunta a 2013, ta jera alamomi tara na rashin tattara hankali, da wasu tara na yawan motsi da garaje. Sai yaro ya cika aƙalla shida a ɓangare ɗaya ko a duka biyun. Sai abin ya kai wata shida ana gani, ya wuce na sa'anninsa nesa ba kusa ba. Sai ya kasance ya fara kafin shekara 12. Sai an gan shi a wuri biyu ko fiye, don yaron da ke hauka a gida amma lumui a makaranta, a binciki gidan. Sannan sai abin yana cutar da shi a karatu, ko a zama da mutane. Na ba ta labarin ɗan Yaya, ta yi murmushi ta ce, "Wannan ƙiriniya ce, Allah Ya raya shi."

Na kawo mata hujjata ta injin niƙa. Ta ce ai wannan ma cikin halin larurar yake. Ba wai hankalin ne babu ba, juya shi ne ke gagara. Abin da ya burge su yakan riƙe su har su manta da abinci, abin da bai burge su ba kuwa ko sun so hankalin ba ya zama. Ta ce in ɗauka doki ne mai ƙarfi da linzami sako-sako. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai cewa "dakata tukuna", yana jinkirin nuna a wajensu, an auna an ga a kan samu tazarar kusan shekara uku tsakaninsu da sa'anninsu. Ke nan ina auna ɗan shekara goma da mudun ɗan shekara goma, alhali linzaminsa na ɗan bakwai ne.

Na tambaye ta abin da ya fi ci mini rai: ni na jawo? Ta ce ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba, ba kuma alewa ko sukari ba. Mafi yawanta gado ne, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi suna ƙara haɗarin, haka gubar dalma, irin wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ta ja mini kunne kan kwallin dutse da muke rambaɗa wa jarirai, ta ce akan samu dalma a cikinsa. Ta ce cikin yara ɗari a duniya kusan biyar suna da ita, an fi gano ta ga maza. Da na kawo wa Iya labari ta ce ciwon zamani ne, su a da ba su san shi ba. Ƙanwata ta ce, "Iya, tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayaninta, lokacin ko Kano Turawa ba su ci ba." Iya ta yi shiru, can ta ce, "To ai kuwa autana haka ya taso." Ƙanin maigidan ke nan, wanda ya yi sana'a ta fi goma bai zauna a ko ɗaya ba, ya karye sau biyu a kan babur. Da ma can dangina ake ɗora wa laifin. Ban ce komai ba, amma na ji sanyi.

Ba da magani aka fara ba. Ni aka fara yi wa karatu. A daina duka. Aike ɗaya a lokaci ɗaya, ba "ɗebo ruwa ka ba awaki dusa ka kira ƙanwarka" ba. In tsaya gabansa, in kalli idonsa, in faɗa, ya maimaita mini. Aiki mai tsawo a gutsuttsura shi. A roƙi malami ya zaunar da shi a gaba, ya riƙa sa shi goge allo da raba littattafai don ya samu dalilin miƙewa. Lokacin barci ɗaya kullum. Muka samu gwangwanin madara, duk abin da ya kammala in jefa ƙwayar wake, in sun kai goma ya je wajen mai gyaran babur ya yi yammacinsa. Sannan in yaba masa nan take in ya yi daidai.

Wannan na ƙarshen ya fi mini wuya fiye da kuɗin mota. In kalli ɗan farina ido cikin ido in ce ya kyauta? Uwata ba ta taɓa yi wa yayanmu haka ba. Ranar farko sai da na ja shi cikin ɗaki na saki labule, na ce, "Ka kyauta, Allah Ya yi maka albarka." Ya tsaya yana kallona kamar na yi masa wani yare. Sannan ya ce, "Ni?"

Bayan wata uku an samu sauƙi a gida, a makaranta kuwa da saura, sai likitar ta kawo maganar magani, metilfenidet. Maigidan ya ce ƙwaya za a koya wa ɗansa. Ban ga laifinsa ba, kowa ya ga abin da kodin ya yi wa matasa har gwamnati ta hana shi a 2018. Aka yi masa bayani cewa wannan ba a sayar da shi sai da takardar likita, da awo ake bayarwa, ana duba nauyin yaro da tsawonsa da bugun jininsa. Ba ya warkarwa, 'yan awoyi yake aiki ya sake shi. Ya rage masa cin abinci da rana, sai na koma cika masa ciki da safe kafin ya sha. Amma a satin farko ya dawo da shafi guda cike da rubutu, daga sama har ƙasa. Na ɓoye shafin a ƙasan akwatina, yana nan har yau. Samun maganin dai wahala ne. Wani lokaci a je Kano a ce babu, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya sa muna tsallake wasu ranakun asibiti. Watannin da babu, da gwangwanin wake muke lallaɓawa.

Akwai kuskuren da na tafka bayan nan, gara in faɗe shi. Ina koyar da yara a Islamiyyar garinmu, sai na koma duk yaron da ya motsa in ce larurar ce. Na kusa tsorata wata maƙwabciya kan ɗanta ɗan shekara huɗu, yaron da ba abin da ke damunsa sai ƙoshin lafiya. Ƙanwata ce ta taka mini birki. Ta ce aji mai yara kusan ɗari a ƙasa, cikin zafi, wasu ko koko ba su sha ba, wa zai natsu? Wata yarinya kuma da nake ce wa sokuwa, kullum tana kallon taga, na ce ko irin larurar ce marar hayaniya, wadda aka fi samu ga mata ba a lura. Aka kai ta asibiti, ashe kunnenta ne ke ruwa tun tana ƙarama, rabin abin da nake faɗa ba ta ji. Tun daga nan na kama bakina. Abin da nake iya cewa uwa shi ne ta duba ko ɗanta yana iya tsayawa in abin ya zama dole, ko halin yana bin sa duk inda ya je, ko yara na gudunsa, ko shi kansa abin yana sa shi kuka. In haka ne ta nemi likita, ba ni ba.

Yanzu yana ƙaramar sakandare. Ba ya cikin na gaba a aji, an taɓa maimaita masa shekara, ɗan Yaya ya wuce shi da aji ɗaya. Har yanzu yana zubar da biro. Har yanzu nakan ɗaga murya, wani lokaci hannuna ya kai rabin hanya in tuna in sauke. Tabon muciyata yana nan a kafaɗarsa ta hagu, ina ganinsa duk ranar da ya tuɓe riga zai yi wanka. Na taɓa neman ya yafe mini, ya ce shi bai ma tuna ba. Ban sani ba ko mantuwar ce ko kawaici. Ranar Asabar da Lahadi yana wajen mai gyaran babur, an ce yana gane ciwon inji da kunne tun kafin a kwance. Babansa ya daina tura shi gadin riɗi, shi yake ba wa injin feshi ya gyara.

Iya ta rasu bara da azumi, Allah Ya jiƙanta. Tabarmar tatsuniya ta zama ba mai ita, sai ga shi ya gaje ta. A tsaye yake yi, yana zagaya yaran, yana kwaikwayon tafiyar Gizo da muryar Ƙoƙi. Daren jiya ina wanke-wanke na ji autata ta ce, "Yaya, ka tsallake wajen da kura ta zo!" Ya ce, "Au, haka ne. To ku tsaya, a koma baya."